Yadda ake zaɓen kifin mala'ika da ba zai cinye murjani ba a tankin ruwan gishiri

A Maradi, idan aka ambaci murjani, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne jan dutsen ado da iyayenmu mata suke sanyawa a wuya ko a hannu, wanda ɗiya take gada daga uwarta. Ba kowa ya san cewa wannan dutse ƙashin wata dabbar teku ne ba, kuma danginta masu rai su ne masu sha'awa suke kiwo a cikin tankin gilashi da ruwan gishiri. Wanda ya kai ga kafa irin wannan tanki a garin da ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga teku ya riga ya sha wahala, domin kowane reshe na murjani da ke gabansa ya hau jirgin sama, ya hau mota, ya kuma tsallake zafin hanya kafin ya iso. Bayan tanki ya zauna, murjani ya fara buɗewa, sai ido ya koma kan kifin da ya fi kowane ado, wato wanda Turawa suka sa wa suna kifin mala'ika saboda faɗin fukafukansa, masu sayarwa da Faransanci kuma suna kiransa poisson-ange. Yawancin wannan dangi suna tsinkar murjani, kaɗan ne daga cikinsu ba sa taɓa shi, kuma kyawun launi ba ya nuna wanne ne wanne. Abin da kifin yake ci a teku shi ne ma'aunin zaɓe.

Mataki na farko: tabbatar da kifin da ake magana a kai

Akwai kifaye biyu masu wannan suna, kuma ba su da dangantaka. Na farko shi ne Pterophyllum scalare, kifin ruwan daɗi daga kogin Amazon a Kudancin Amurka, ɗan uwan karfasa ne na nesa, kuma shi aka fi gani a shagunan kifin ado. Ruwan gishiri kashe shi yake yi. Na biyu shi ne namu, na dangin Pomacanthidae, wanda ya ƙunshi iri sama da 80 a tekunan yankuna masu zafi. Alamar da ake gane shi da ita wata ƙaya ce mai kaifi a ƙasan marfin da ke rufe wurin numfashinsa, tana fuskantar baya, kuma ita ce ta bambanta shi da kifin malam buɗe littafi na teku, wanda suke kama da juna a siffa.

Duk mai sayarwar da za ka yi hulɗa da shi, ka nemi ya rubuta maka sunan kimiyya na kifin. Sunayen kasuwa suna sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma daga harshe zuwa harshe, amma kalmar farko ta sunan kimiyya, wato sunan zuriyar, ita kaɗai za ta faɗa maka rabin abin da kake buƙatar sani game da halinsa.

Mataki na biyu: lissafa murjanin da kake da shi

Kafin ka duba kifi, ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ke cikin tankinka, domin kalmar "ba ya cin murjani" ba ta da ma'ana sai an faɗi wane murjani ake nufi. Kifi ɗaya zai iya zama shekaru da wani iri lafiya, ya hallaka wani irin cikin mako guda.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu ƙashin dutse da nama mai kauri da ke kumbura, irin su Trachyphyllia, Lobophyllia, Acanthastrea da Scolymia. Namansu a shimfiɗe yake kamar faifai, suna fitar da yauƙi mai gina jiki, kuma ba su da kariyar da za ta hana kifi kai musu baki. A sahunsu akwai katantanwar teku mai ɓawo biyu da ake kira Tridacna, wadda take shimfiɗa leɓenta mai launi a waje domin ta sami haske. Wannan halitta ba sai an cinye ta take mutuwa ba. Idan kifi yana tsinkarta sau da yawa a yini, za ta dinga rufe ɓawonta, ƙananan tsirran da ke zaune a cikin namanta suna samar mata da abinci su rasa haske, sai ta rame a hankali har ta mutu alhali ba a ga rauni ko ɗaya a jikinta ba. Haka abin yake ga murjani mai nama: tsinka ɗaya ba ta kashe shi, maimaitawar ce take hana shi buɗewa. Zoanthus da Xenia, wasu irin murjani marasa ƙashin dutse, su ma suna cikin waɗanda ake yawan kai wa baki, musamman daga manyan kifayen wannan dangi.

A tsakiya akwai masu rassa da ƙananan bakuna, kamar Acropora, Montipora, Stylophora da Pocillopora. Bakunansu ƙanana ne, suna janyewa cikin ƙashi da zarar an taɓa su, saboda haka babban reshe mai lafiya yakan jure tsinka jifa-jifa, ko da yake za ka lura ba ya fito da ƴan yatsunsa da rana kamar da. Ƙaramin yanki da aka dasa kwanan nan kuwa ba shi da wannan juriyar.

Waɗanda suka fi tsira su ne masu laushi da ke kama da fata, irin su Sarcophyton, Sinularia da Lobophytum, domin jikinsu yana ɗauke da sinadarai masu ɗaci da kifi ba ya so, sai kuma Discosoma mai siffar laima, da Euphyllia wanda ƴan yatsunsa suke harbi. Ban ce ba a taɓa su sam ba, amma su ne na ƙarshe da kifi yake juyawa gare su.

Idan takardarka ta cika da rukunin farko, to zaɓinka ya ƙuntata ƙwarai, kuma ya fi kyau ka yarda da haka tun yanzu. Idan kuwa masu laushi ne suka fi yawa, kana da sarari.

Mataki na uku: zaɓar zuriya bisa abin da take ci

A nan ne gundarin maganar yake. Dangin nan ya kasu kashi uku idan aka dubi abincinsa.

Kashi na farko zuriya ɗaya ce tak, Genicanthus, kuma ita kaɗai nake iya cewa mutum ya saka a tankin murjani ya yi barci da ido biyu rufe. Dalili shi ne waɗannan kifaye ba sa kiwo a jikin dutse. A teku suna tashi sama da gangaren duwatsu, su fuskanci igiyar ruwa, su dinga cafke ƙananan halittun da ruwa ke kawowa, kuma bakinsu ƙarami ne da aka yi domin wannan aiki. Wutsiyarsu a rabe take biyu kamar ta tsattsewa. Mafi sauƙin kiwo a cikinsu shi ne Genicanthus lamarck, fari mai baƙaƙen layuka a kwance, wanda yake kaiwa kimanin santimita 23 zuwa 25, kuma ana samunsa a ruwan da bai kai zurfin na sauran ba. Sai Genicanthus melanospilos mai kimanin santimita 18, wanda macensa rawaya ce a sama da shuɗi mai haske a ƙasa, namijin kuma yana da layuka a tsaye kamar jakin dawa da baƙin ɗigo a ƙirji. Genicanthus watanabei bai wuce santimita 15 ba, Genicanthus caudovittatus daga Bahar Maliya da gabashin Afirka yake zuwa, shi kuwa Genicanthus bellus ya fi su tsada da wuyar sabo domin daga ruwa mai zurfi ake kamo shi.

Wani abin mamaki game da su shi ne dukkansu mata ake haihuwarsu. Idan babu namiji a garke, macen da ta fi ƙarfi sai ta rikiɗe ta zama namiji, launinta ma ya sauya gaba ɗaya. Wannan yana da amfani ga mai saye, domin mata sun fi araha, sun fi jure tafiya, kuma idan ka saka biyu ko uku tare, sau da yawa ɗaya za ta rikiɗe da kanta. Maza biyu a tanki ɗaya kuwa faɗa ne babu sulhu. Gaskiya ce launinsu bai kai na ƴan uwansu ɗaukar ido ba, kuma wannan ne ya sa mutane da yawa suke tsallake su, amma a ganina duk wanda ya tara murjani mai nama a Maradi, inda babu shagon da zai shiga gobe ya maye gurbin wanda ya mutu, bai kamata ya wuce wannan zuriya ba.

Kashi na biyu su ne ƙanana, zuriyar Centropyge, kuma a kansu ne gardama ba ta ƙarewa tsakanin masu kiwo. Abincinsu na asali gansakuka ce da dattin da ke kwantawa a jikin dutse, saboda haka yini suke yi suna tsinkar duk abin da suka tarar. Ba naman murjani suke nema ba, amma a cikin wannan tsinke-tsinken sukan ɗanɗana yauƙinsa, kuma wanda ya ji daɗinsa ba ya dainawa. Shi ya sa za ka ji wani ya rantse cewa nasa ya shekara biyar bai taɓa komai ba, wani kuma ya ce irin wannan kifin ne ya gama masa da tanki, kuma dukkansu gaskiya suke faɗa. Bambancin yana tsakanin kifi da kifi, ko da iri ɗaya ne.

Duk da haka akwai waɗanda aka fi yaba wa. Centropyge argi na tekun Karibiyan da Centropyge acanthops na gabashin Afirka ba sa wuce santimita 8, ɓarnarsu kaɗan ce ko da sun yi, sai dai masu zafin rai ne ga ƙananan kifaye. Centropyge bispinosa, mai shuɗi mai duhu da ruwan lemo, yana kaiwa santimita 10, yana da juriya, kuma shi ne na fi ba da shawara ga wanda ya nace sai ƙaramin. Centropyge loricula, ja kamar garwashi da baƙaƙen layuka, shi ne kowa ke so, amma caca ce ta gaske. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda sunansu ya ɓaci: Centropyge flavissima mai launin ɓawon lemon tsami, Centropyge bicolor rabi rawaya rabi shuɗi, da Centropyge eibli. Waɗannan ukun ka nisanta su daga murjani mai nama da kuma Tridacna.

Kashi na uku su ne manya, zuriyar Pomacanthus da Holacanthus, waɗanda soson teku da wasu halittu masu laushi da ke manne a dutse ne abincinsu. Bakinsu da haƙoransu an yi su ne domin yage nama daga jikin dutse, kuma hali zanen dutse ne. Pomacanthus imperator, wanda ake kira sarki, yana kaiwa santimita 40. Holacanthus ciliaris na Karibiyan yana kaiwa 45, haka ma Holacanthus africanus, ɗan yankinmu, wanda ake samu a gaɓar Afirka ta Yamma daga Senegal zuwa mashigin tekun Gini. Pomacanthus arcuatus yana iya kaiwa santimita 60. Tarkon da ke cikinsu shi ne ana sayar da su suna yara, ƴan santimita 6 ko 7, wasunsu masu zoben shuɗi da fari, kuma a wannan lokaci sau da yawa ba sa ɓarna. Da sun girma launi ya sauya, sai ci ma ya sauya. Akwai ƙwararrun da suke ajiye imperator ko Pomacanthus navarchus a manyan tankuna masu Acropora zalla, sun kuma haƙura da Zoanthus da duk wani murjani mai nama. Wanda ya bi sawunsu ya sani cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai guda ɗaya da ya cancanci a ambace shi daban, wato Pygoplites diacanthus mai layukan rawaya da fari da shuɗi, mai kimanin santimita 25. Ɓarnarsa ga murjani mai rassa ba ta kai ta sauran manya ba, amma yana da wuyar karɓar abinci a tanki, kuma da yawa yunwa ce take kashe su. Na Bahar Maliya, masu rawayan ƙirji, an fi saninsu da saurin sabo. Ba kifin mafari ba ne, balle wanda zai yi doguwar tafiya irin tamu.

Mataki na huɗu: auna tanki da yanayin gari

Girman tanki yana shafar lafiyar murjani kai tsaye, domin a tanki mai faɗi tsinkar kifi tana rarrabuwa a kan duwatsu da yawa, a ƙarami kuwa sai ta taru a kan murjani ɗaya. Argi da acanthops suna zama a lita 150 zuwa 200. Bispinosa da loricula suna son lita 250 zuwa 300. Genicanthus masu iyo ne a fili, suna buƙatar lita 450 zuwa sama da tsawon da bai gaza santimita 120 ba, 150 ma ya fi. Manya kuwa kada a yi maganarsu ƙasa da lita 800. Tankin ya kasance ya yi aƙalla wata shida da kafawa, da isasshen dutse mai rai, wato dutsen teku da ƙananan halittu ke zaune a jikinsa, wanda gansakuka ta fara kamawa, da ramuka da kifi zai ɓuya, musamman idan Centropyge za a saka.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabarmu. Murjani da waɗannan kifaye suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan haura digiri 40. Idan ruwa ya daɗe sama da digiri 29 ko 30, murjani yakan kori ƙananan tsirran da ke cikinsa ya yi fari, kuma na lura murjanin da ya raunana yana ƙara fitar da yauƙi, wanda ke jawo bakin kifin da a da bai kula shi ba. Ruwan zafi kuma ba ya riƙe iskar numfashi sosai, abin da ya fi cutar da Genicanthus, waɗanda suka saba da ruwa mai sanyi da gudu. Don haka kafin kifi, ka tanadi na'urar sanyaya ruwa ko ka ajiye tankin a ɗaki mai kilim, ka kuma haɗa aƙalla famfon motsa ruwa ɗaya da batir ko hasken rana, domin idan wuta ta ɗauke da tsakar rana, rashin motsin ruwa yana kashe kifi kafin zafi ya kashe murjani. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri biyu zuwa uku, kuma a busasshiyar iskarmu ta rani tana aiki fiye da yadda take yi da damina. Sai dai tana ƙafar da ruwa da sauri, gishiri ya ƙaru, saboda haka kullum a cike gurbin da tataccen ruwan daɗi, a riƙe ma'aunin gishiri a 1.025 zuwa 1.026. Gishirin da ake nufi shi ne wanda aka haɗa musamman domin tankin teku. Na girki ko na Bilma ba ya wannan aiki.

Mataki na biyar: zaɓar kifin kansa da shirya tafiyarsa

Da wuya ka tsaya a gaban kifin kafin ka biya, saboda haka ka nemi bidiyo ta WhatsApp, wanda aka ɗauka a ranar, ana zuba masa abinci yana ci. Kifin da ya ɗauki abinci ya tofar, ko ya bi shi da ido kawai, ka bar shi. Ka dubi naman da ke bayan kansa sama da idanu: idan wurin ya lotsa, kifin ya daɗe da yunwa kuma da wuya ya farfaɗo. Idanu su zama garau, baki babu rauni, numfashi a natse. Ga Genicanthus akwai ƙarin abin lura. Idan an fito da shi daga zurfi da gaggawa, jakar iskar da ke cikinsa tana kumbura, sai ka ga yana iyo kai ƙasa wutsiya sama, yana fama ya nutse. Wanda ke haka kada ka saya ko da an rage maka kuɗi.

Ka tambayi inda aka kamo shi. A wasu yankunan Filifin da Indonesiya an daɗe ana amfani da gubar sayanayid wajen kama kifin ado duk da haramcin hakan, kuma kifin da ya sha ta yakan mutu bayan makonni ba tare da alamar ciwo ba. Idan ka sami wanda aka haifa a gona, ka fifita shi. Tun farkon shekarun 2000 aka yi nasarar renon Centropyge daga ƙwai a Hawai, yanzu kuma ana samun bispinosa da wasu irin daga gonakin kifi a Palau da Bali. Sun saba da abincin gwangwani tun suna ƙanana, ba sa zuwa da cututtukan teku da yawa, ko da yake wannan ba ya ba da tabbacin ba za su taɓa murjani ba.

Ko ta Yamai kifin ya sauka, mai nisan kimanin kilomita 660, ko ta Kano ya biyo Katsina da Jibiya, akwai sa'o'i na tafiyar mota bayan ta jirgi. Ka shirya sayenka ya faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a sa kifin a akwatin da ke riƙe sanyi, a yi tafiyar da dare ko da asuba. Game da takardu, murjani masu ƙashin dutse da Tridacna suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ta duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, wadda Nijar take cikinta, kuma shigo da su yana buƙatar izini daga ƙasar da aka fitar da su. Yawancin kifayen mala'ika ba sa cikin wannan jeri, amma Holacanthus clarionensis na Meziko yana ciki. Ka tuntuɓi hukumar kula da namun daji da jami'an duwan kafin kaya su taso.

Da ya iso, kada ka daɗe da shi a buɗaɗɗiyar leda. A cikin doguwar tafiya fitsarin kifi yana taruwa a ruwan, kuma da zarar iska ta shiga, gubarsa take ƙaruwa. Ka ɗora ledar a rufe bisa ruwan tanki na minti 20 domin zafi ya daidaita, ka tabbatar gishirin ruwanka ya yi daidai da na ledar, sannan ka mayar da kifin. Kada ka kama shi da raga, domin ƙayar nan tana sarƙewa a ciki. Kofi ko ƙaramar roba ya fi.

Mataki na shida: killacewa da gwaji

Sabon kifi ba ya shiga babban tanki kai tsaye. Ka ajiye shi a ƙaramin tanki na daban, mai lita 60 zuwa 100, da guntayen bututun roba da zai ɓuya, na mako huɗu zuwa shida. Waɗannan kifaye sukan zo da tsutsar fata, wadda ake magancewa da praziquantel, da kuma cutar fararen ɗigo. Maganin ɗigon yawanci mai sinadarin jan ƙarfe ne, wanda yake kashe murjani nan take, dutse kuma yana shanye shi ya dinga fitarwa daga baya, saboda haka ba a taɓa zuba shi a babban tanki. Centropyge ma ba sa jure shi sosai, sai an ƙara shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki ana aunawa. Idan cutar ta shiga babban tanki, sai an kwashe duk kifaye an bar shi babu kifi sama da wata biyu, aikin da ba wanda zai so ya yi da zafin bazara.

Wannan lokaci yana da amfani na biyu. Bayan an gama magani, an canza ruwa, kuma a tankin da jan ƙarfe bai taɓa shiga ba, ka saka ƙaramin yanki na murjanin da ka fi jin tsoro a kansa, misali ƴan bakunan Zoanthus ko guntun Acanthastrea, ka zuba ido na mako guda. Idan kifin ya tsinke shi, ka sami amsa da araha. Idan bai taɓa ba, alama ce mai kyau, amma ba rantsuwa ba ce, domin akwai waɗanda suke shekara guda da ladabi sannan su sauya. (Duk lokacin da za ka taɓa Zoanthus ko Palythoa, ka sa safar hannu ka kare idanunka, domin wasunsu suna da guba mai tsanani.)

Mataki na bakwai: shigarwa da ciyarwa

Kifin mala'ika ya zama na ƙarshe da zai shiga tanki, tun da yakan mallake wuri ya kori duk wanda ya zo bayansa. Centropyge ɗaya ya isa, sai dai idan tankin babba ne kuma ka saka biyu iri ɗaya a rana guda, ɗaya ya fi ɗaya girma a fili, ta yadda babban zai zama namijin.

Yunwa ce take koya wa mafi yawansu cin murjani. Ciyarwa sau ɗaya a yini ba ta isa kifin da a teku yake kiwo daga safe zuwa yamma ba. Ka ba shi kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu: busasshen ganyen teku da ake kira nori a maƙale a jikin gilashi, abinci mai spirulina, da ƙananan jatan lande na mysis. Genicanthus suna son abin da ke yawo a cikin ruwa, sai a zuba a gaban famfo domin igiya ta ɗauke shi. Manya suna buƙatar abincin da aka haɗa da soson teku. Da yake daskararren abinci yana lalacewa idan firigo ya narke ya sake kamawa, ya fi dacewa a nan ka saba wa kifinka da busasshen abinci mai kyau tun yana tankin killacewa. Yawan ciyarwa kuma yana ƙara datti, sai a biyo shi da canjin ruwa na kashi 10 cikin 100 kowane mako.

Mataki na takwas: sa ido da shirin fitarwa

Kifi ya san mai shi, kuma da ya gan ka a gaban gilashi sai ya bar abin da yake yi ya zo neman abinci. Saboda haka ka zauna nesa, ko ka jingina waya tana ɗaukar bidiyo na rabin sa'a ba ka ɗakin. Ka fi duba murjanin fiye da kifin: wanda ya saba kumbura da rana yanzu ya ƙanƙance, Tridacna da ke yini a rufe, Zoanthus da bakunansa suka ƙi buɗewa kwana uku a jere alhali ma'aunan ruwa daidai suke. Idan murjani ɗaya ne ake kai wa hari, ka rufe shi da kwandon roba mai huji ko ka mayar da shi wani tanki, ka ƙara yawan ciyarwa, ka jira mako biyu. Idan kifin ya koma kan na biyu, to ya zama ɗabi'a, kuma sai ɗaya ya fita, shi ko murjanin.

Kama Centropyge a tanki mai duwatsu aiki ne mai wuya, domin yana shigewa ramin da hannu ba ya kaiwa. Ka tanadi tarkon kifi na roba mai ƙofa tun kafin ka saya, ka bar shi a cikin tankin kwanaki kana zuba abinci a ciki har kifin ya saba shiga, sannan ka rufe. Idan hakan ya gagara, a rage ruwa sosai a kama shi da asuba kafin fitilu su kunna, ko a ɗaga dutsen da yake kwana a ciki gaba ɗaya a tsoma a bokitin ruwan tankin. Sannan ka san inda za ka kai shi. A manyan biranen bakin teku mutum yakan mayar wa shago ko ya ba wani mai kiwo, amma a nan da wuya ka sami mai karɓa, kuma ruwan tafkin Madarunfa ko na Gulbi kashe shi zai yi cikin ɗan lokaci. Tankin killacewar nan, idan ka saye shi tun farko da girman da aka ambata a mataki na huɗu, kuma jan ƙarfe bai taɓa shigarsa ba, ka sa masa dutse mai rai da ƴan Sarcophyton, zai ishi bispinosa ko argi zama na shekaru.